Daga Ƙwarya Zuwa Leda: Darasi a Kan Ruɓewa da Kayan Amfanin Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta bayan gari a lokacin hunturu, a Kano ne ko Katsina ko Maraɗi, zai ga abin da ido ya saba da shi har ya daina lura: baƙar leda ta maƙale a ƙayar bagaruwa da aduwa tana kaɗawa, wata kuma iska tana ta gangarawa da ita cikin gonaki. Dattawan da suka yi wayo kafin shekarun 1970 ba su tashi da ganin haka ba. A zamaninsu akan aiki yaro kasuwa da ƙwarya ko kwando, a sayo mai a kwalba, goro ya zo cikin huhu na ganye, a zuba tuwo a akushi a rufe da faifai. Idan ƙwarya ta tsage akwai gyartai mai ɗinke ta. Idan ta fashe ta zama sakaina, nan ma ba ta rasa aiki ba, kuma ranar da aka jefar da ita ƙasa za ta cinye ta.

Wannan maƙala za ta amsa tambayoyi uku. Me ya sa ganye da ƙwarya suke ruɓewa amma leda ba ta ruɓewa? Wace illa hakan ke jawowa ga dabba da gona da mutum? Sannan waɗanne kaya ne za su iya maye gurbin na yi-amfani-ka-yar a cikin gida, kuma da wane sharaɗi?

Asalin Leda

Leda nau'i ce ta roba da masana ke kira folitin. Ana yin ta ne daga wata iska mai suna etilin, wadda ake samu daga ɗanyen man fetur ko iskar gas. A shekarar 1933 wasu masana biyu na kamfanin ICI a Ingila, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suna gwaji da etilin a ƙarƙashin matsi mai tsanani, sai suka tarar da wani farin abu mai kama da kakin zuma a cikin tukunyar gwajin. Wannan shi ne mafarin folitin na masana'anta. Jakar leda mai hannu irin ta kasuwa kuwa, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sten Gustaf Thulin ne ya tsara ta, aka yi mata rajista a 1965.

Daga nan abin ya bunƙasa. Wani bincike da Roland Geyer da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya nuna cewa a 1950 robar da duniya ta ƙera ba ta wuce tan miliyan 2 ba, amma a 2015 ta kai tan miliyan 380 a shekara guda. Jimillar abin da aka ƙera tsakanin waɗannan shekaru ta kai tan miliyan 8,300, kuma daga ciki tan miliyan 6,300 sun riga sun zama shara. Kashi 9 cikin 100 kawai na wannan shara aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, saura kashi 79 suna nan jibge a juji ko warwatse a ƙasa da ruwa.

Yadda Abu Ke Ruɓewa

Ruɓewa ba ta faruwa don kanta. Aiki ne na halittu masu rai. A cikin cokali ɗaya na ƙasar gona mai kyau akwai miliyoyin ƙananan halittu da ba a ganinsu sai da madubin likita, wato bakteriya da dangin funfuna. Su ne ke cin duk abin da ya mutu, tare da taimakon gara da tana da buzuzu masu yayyanka shi tukuna. Ta haka ne sinadaran da ke jikin mataccen ganye suke komawa ƙasa su zama taki, sabon tsiro ya sha, dabba ta ci tsiron, a ci gaba da zagayawa.

Babban sinadarin da ya gina jikin tsiro shi ne selulos. Shi ne a cikin kara da kaba da auduga da takarda da ƙwarya. Selulos doguwar sarƙa ce ta sukarin gulukos, kuma tsakanin kowane gulukos da na kusa da shi akwai wata gada ta oksijin. Ƙananan halittu suna fitar da wani sinadari da ake kira enzayim, wanda aikinsa kamar na mabuɗi ne: kowane enzayim yana da irin kwaɗon da yake buɗewa. Enzayim ɗin da ya dace da selulos yakan kama wannan gada ta oksijin, ya yi amfani da ruwa ya tsinka ta, sarƙar ta warware ta koma sukari, halittar ta ci. Ita kanta akuya ba da ƙarfinta take narkar da ciyawa ba. Ƙananan halittun da ke zaune a cikin tumbinta ne ke yi mata wannan aiki. Haka ma gara mai gina suri, tana noman wata irin funfuna a cikin gidanta don ta tausasa mata itacen da ta kwaso.

To, ita ma folitin sarƙa ce, amma ginin ta daban yake. Dubban ƙwayoyin kabon ne suka riƙe juna kai tsaye, kowanne yana ɗauke da haidirojin biyu, babu gadar oksijin ko ɗaya da enzayim zai kama. Bugu da ƙari, folitin ba ta shan ruwa, alhali kuwa enzayim ba ya aiki sai cikin laima. Sarƙar kuma ta yi tsawon da ba za ta iya shiga cikin ƙwayar bakteriya ba. Tsirrai sun shafe fiye da shekaru miliyan 400 a doron ƙasa, saboda haka masu cin selulos sun cika ko'ina. Folitin kuwa ba ta cika shekara 100 da shigowa ba. A taƙaice, kwaɗo ce da ƙasa ba ta da mabuɗinta. Abin lura shi ne, siffofin da suka sa leda ta yi farin jini, wato rashin jiƙewa da rashin lalacewa, su ne kuma suka mai da ita annoba.

Mai karatu zai iya cewa ai ya sha ganin tsohuwar leda ta bushe tana marmashewa. Gaskiya ne, amma wannan ba ruɓewa ba ce. Hasken rana ne ke karya sarƙar ta zama gutsattsari, kowane gutsure kuma roba ne har yanzu. Idan gutsuren ya gaza milimita 5 akan kira shi ɓurɓushin roba, kuma an same shi a ruwan sha da gishiri da cikin kifi. A 2022 wasu masana a ƙasar Holan sun gwada jinin mutane 22, suka sami ɓurɓushin roba a jinin 17 daga cikinsu.

An fara gano wasu halittu masu taɓa roba. A 2016 masana a Japan suka ba da rahoton wata bakteriya, Ideonella sakaiensis, mai iya cin irin robar da ake yin gorar lemo da ita. A 2017 kuma wata masaniya a Sifen, Federica Bertocchini, ta ba da rahoton cewa tsutsar da ke cin kakin zuma a cikin amya tana huda leda. Wannan abin ƙarfafa guiwa ne, sai dai saurin cinsu bai kai ko kusa da saurin da ake zubar da leda ba.

Illolin Leda

Na farko, dabbobi. Shanu da tumaki da awaki dabbobi ne masu tuƙa, sukan haɗiye abinci ba tare da sun tauna sosai ba. Ledar da aka ƙulla tuwo ko ƙosai tana ɗauke da ƙanshin mai da gishiri, don haka dabbar da ke kiwo a juji takan haɗiye ta. Da yake ƙananan halittun tumbi ba su iya narkar da ita, sai ta taru ta cukurkuɗe ta zama dunƙule. Dabbar takan ji ciki a cike ta rage cin abinci, ta rame, nononta ya ragu, daga ƙarshe ta mutu ko a yanka ta da asara. Mahauta sun fi kowa sanin wannan, domin su ke ciro dunƙulen idan sun buɗe tumbi.

Na biyu, gona. Tun da daɗewa manoman kewayen Kano suke ɗibar shara da toka daga cikin birni a kan jakuna suna zubawa a gonakinsu, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ake nome ƙasar kowace shekara ba ta gaji ba. A da sharar duk mai ruɓewa ce. Yanzu sai manomi ya tsaya tsintar leda, abin da ya kuɓuce masa kuma ya shige ƙasa ya tare saiwa, ya hana ruwa ratsawa.

Na uku, magudanan ruwa. Leda ba ta da nauyi, ruwan farko na damina yakan kwashe ta ya tura cikin kwata da lambatu ta toshe su. Ƙasar Bangaladash ta ga haka a manyan ambaliyun 1988 da 1998, shi ya sa ta haramta siririyar leda a 2002. Ruwan da ya kwanta a toshasshiyar kwata, da wanda ya taru a yasasshen gwangwani ko kofin roba, wurin ƙyanƙyasar sauro ne. Sauro mai yaɗa cutar shawara ya fi son irin waɗannan ƙananan mazubai, kuma a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo.

Na huɗu, hayaƙi. Wasu kan hura wuta da leda, wasu kuma su cinna wa juji wuta da magariba. Wutar juji ba ta da zafin da za ta ƙone roba ƙurmus, don haka takan fitar da baƙin hayaƙi da iskar kabon mai guba. Idan kuma akwai irin robar da ake yin bututu da suturar wayar lantarki da ita, takan fitar da wani dafi mai suna dayoksin, wanda yake cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Yara da masu asma su suka fi cutuwa.

Abin da Zai Maye Gurbi

Tunda ƙasa ba ta cin leda, wuta kuma ba ta kawar da ita lafiya, hanya mafi inganci ita ce a rage shigowarta gida. A ɗauki misali: gidan da ke karɓar leda 5 a rana, a shekara ya karɓi 1,825. Unguwa mai irin wannan gida 1,000 ta zubar da 1,825,000. Jaka ɗaya da kwano ɗaya mai murfi za su iya share mafi yawan wannan lissafi.

Wajen cefane, kwando ko jakar kaba ko jakar da tela ya ɗinka da tsohon buhu ko ragowar atamfa sun isa. Wajen sayen koko da ƙosai da awara da fura, kwano mai murfi ya fi leda ta kowace fuska, musamman da yake zafi da maiƙo suna ƙara saurin fitar sinadaran roba zuwa cikin abinci. Alale ya daɗe yana dahuwa a gwangwani ko a ganye kafin a fara ƙulla shi a leda. Malmalar tuwo za ta zauna da zafinta a kula ko a kwanon da aka rufe. Wajen wanka da wanke-wanke, soson da ake samu daga tsiron da ke yaɗo a danga mafi yawansa selulos ne, idan ya tsufa ya koma taki. Ludayin duma da faifan kaba da tsintsiyar kaba da asuwaki duk suna cikin wannan sahu. Wajen biki da suna, hayar farantai da kofuna da za a wanke ta fi tulin robobin da ake kwashewa zuwa juji washegari. Ga jarirai kuma, nafkin na yadi da ake wankewa a shanya a rana yana rage kunzugun zamani, wanda roba ce ta lulluɓe shi.

Randa ta cancanci bayani na musamman. Jikinta na yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu. Idan ruwan ya iso waje ya zama tururi, kowane giram ɗaya yakan tafi da zafi kimanin jul 2,400, shi ya sa na ciki yake sanyi. Da wannan ƙa'ida ce Malam Muhammad Bah Abba, malami a Dutse ta Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu ba da lantarki ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Sharuɗɗa Uku

Sai dai fa kimiyya ba ta yarda da ɗoki. Akwai sharuɗɗa uku da idan ba a cika su ba canjin ba zai amfana ba.

Sharaɗi na farko shi ne maimaita amfani. Kowane abu da aka ƙera ya ci ruwa da makamashi kafin ya iso kasuwa, kuma jaka mai kauri ta fi siririyar leda ci. Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ta auna wannan a wani rahoto na 2011, ta fuskar iskar da ke ɗumama duniya. Ta gano cewa kafin jakar takarda ta fi ledar da aka yi amfani da ita sau ɗaya, sai an yi amfani da ita sau 3. Jakar roba mai kauri sai sau 11, sabuwar jakar auduga kuwa sai sau 131. Rahoton bai sa mutuwar dabbobi da toshewar kwata a ma'auninsa ba, amma darasinsa a fili yake. Wanda ya sayi jakar auduga ya ajiye a ɗaki bai yi komai ba. Wanda ke zuwa kasuwa da ita kullum ya biya bashinta cikin wata huɗu da 'yan kwanaki. Jakar da aka ɗinka da tsohon yadi kuwa kusan ba ta da bashin da za ta biya. Haka kuma a yi hattara da wata leda da ake tallatawa da sunan mai narkewa, wadda aka zuba wa sinadarin da ke sa ta saurin marmashewa kawai. Tarayyar Turai ta hana irinta tun 2021.

Sharaɗi na biyu shi ne tsabta. Abin da ƙananan halittu ke iya ci, suna iya zama a kansa. Ƙwarya da akushi da soso suna riƙe laima, don haka dole a wanke su a shanya su bushe sarai. Jakar da aka ɗauko ɗanyen nama ba za a zuba mata latas ba sai an wanke ta. Batun ruwan sha ya fi kowanne nauyi. Ruwan leda ya yaɗu a Nijeriya ne daga shekarun 1990 saboda ƙarancin ruwan famfo mai tsabta, kuma wanda ya bar shi ya koma shan gurɓataccen ruwa ya gudu daga ƙaramar matsala zuwa kwalara da taifot. Abin da ya dace shi ne a tafasa ruwa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa maganin kulorin bisa ƙa'ida, a zuba a randa mai murfi da ake wankewa a kai a kai, a keɓe mata moɗa mai dogon hannu don kada yatsu su taɓa ruwan. Ɗalibi kuma ya cika gorarsa daga gida.

Sharaɗi na uku shi ne sanin iyaka. Akwai kayan da amfani sau ɗaya shi ne daidai a kansu: allura da sirinji, da safar hannu ta asibiti, da reza tsakanin mutum da mutum, domin ta hanyarsu ake ɗaukar cutar ƙanjamau da ciwon hanta. Haka nan jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi ba ta zama mazubin ruwa ko mai, kome wankin da aka yi mata.

Matsayin Doka

Ƙasashe da dama sun shiga lamarin da doka. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi baya a 2017 da hukunci mai tsanani, wanda ya kai ɗaurin shekara 4. Jamhuriyar Nijar ta kafa tata dokar a 2014. A Nijeriya, Jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci mai kama da soso a watan Janairu na 2024. Abin da aka koya daga waɗannan ƙasashe shi ne doka takan yi tasiri inda aka tsaya a kanta kuma jama'a suka sami abin da za su riƙe a madadi. Ta wannan fuska ƙasar Hausa ba ta da uzuri, domin masaƙa kaba da magina tukwane da masu gyaran duma suna nan, kuma kowane kwando da aka saya kuɗinsa ya shiga aljihun wani a ƙauye.

Aikin Gwaji Ga Ɗalibai

Gani ya kori ji. Malami zai iya raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya tanadi abu biyar masu girman tafin hannu: ɗanyen ganye, takarda, ƙyallen auduga, sakaina da leda. A zana siffar kowanne a littafi, a auna nauyinsa idan akwai sikeli. A haƙa ramuka biyar masu zurfin santimita 15 a lambun makaranta, a binne su, a kafa alama, a riƙa yayyafa ruwa kowane kwana biyu. Bayan mako 8 a tone a sake aunawa. Wani rukunin ya binne nasa a busasshen yashi ba tare da ruwa ba, don a kwatanta. Daga nan ɗalibai su amsa waɗannan tambayoyi:

1. Wane abu ne ya fi saurin ruɓewa, kuma wanne ne bai canza ba?
2. Me ya bambanta sakamakon ƙasa mai laima da na busasshen yashi?
3. Me ya sa sakaina ta fi takarda jimiri, alhali dukansu daga tsiro suke?
4. A ƙirga ledar da ta shigo gida cikin mako ɗaya. Nawa ce daga ciki jaka ko kwano za su iya hanawa?

Kammalawa

Ma'aunin kayan gida guda biyu ne: sau nawa za a yi amfani da shi, kuma ina zai tafi idan ya ƙare. Ledar da yaro ya karɓo ƙosai a ciki ta yi aikin minti goma, amma za ta riga shi daɗewa a unguwar, ko a kwata, ko a gona, ko a tumbin akuyar gidansu. Kwanon da ya kamata ya tafi da shi kuwa yana nan a kife a madafa. Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan fage rigakafin yana farawa ne daga abin da mutum ya riƙe a hannunsa lokacin da zai fita daga gida.